Yadda za ka gyara lokaci a VM in hwclock ya ce bai ga agogo ba

Duk wanda yake riƙe da sarba a nan yankin namu, ko a Garwa ne ko Marwa ko Ngaundere ko can Injamena, ya san cewa rabin wahalar aikin daga kuran take. A ɗauke wuta, ondilar ya ja minti goma ya mutu, kafin a tada gurup komai ya kwanta, in an kunna kuma sai ka ga VM ɗinka, wato injin kwaikwayo da ke gudana a cikin injin gaske, ta tashi da wani lokaci dabam, wani sa'in awa uku a baya, wani sa'in ma wata shekara can. Sai ka gyara da date, ka buga hwclock --systohc don ya zauna kamar yadda aka koya mana, sai ya watso maka wannan:

hwclock: Cannot access the Hardware Clock via any known method.

In injinka da Faransanci yake magana saƙon zai fito da Faransanci, ka sa LC_ALL=C a gaban umarnin za ka gan shi kamar yadda na rubuta. To ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, a yawancin lokuta ba abin da ya lalace. VM ɗin ce ba a ba ta wannan agogon ba tun farko, kuma ba ta ma bukatarsa in dai ka shirya sauran abubuwan da kyau. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke kwana suna kokawa da hwclock, har wasu su goge sistem su sake sakawa, alhali matsalar tana jikin injin da ke ɗauke da VM ɗin ko kuma a NTP, hanyar da inji ke karɓar lokaci ta rezo.

Agogo biyu ne a Linux, sai ka riƙe wannan kafin komai. Akwai na karnel, wato zuciyar sistem, wanda date ke nuna maka, shi ne duk manhajoji ke amfani da shi, yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma da an kashe inji ya tafi. Sai kuma RTC, ɗan ƙaramin agogon da ke kan allon injin wanda batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ke riƙe da shi ko babu wuta. Aikin RTC kusan guda ɗaya ne, in inji ya tashi karnel ya leƙa shi ya san ƙarfe nawa, shikenan. hwclock kuwa ɗan aike ne tsakanin su biyun, -s ya ɗauko daga RTC ya kai wa karnel, -w ko --systohc ya ɗauko daga karnel ya rubuta a RTC. VM ba ta da allo ba ta da batir, in ka ga RTC a cikinta to na kwaikwayo ne da mai masauki, wato injin gaske da ke ɗauke da ita, ya ƙera mata, in bai ƙera ba kuwa ɗan aike ba shi da inda zai je.

Mataki na 1: ka san a cikin me kake

Buga systemd-detect-virt. Kalma ɗaya zai ba ka, kuma ita ce za ta faɗa maka hanyar da za ka bi. In ya ce kvm ko qemu ko vmware ko oracle ko microsoft ko xen, cikakkiyar VM ce mai karnel nata, oracle ɗin nan VirtualBox ke nan, microsoft kuma Hyper-V. In kuwa ya ce lxc ko docker ko openvz, to kwantena ce, wato keɓaɓɓen sashe a cikin sistem ɗin mai masauki, kuma a nan maganar ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, domin kwantena ba ta da karnel nata balle agogo, na mai masauki take kallo. Shi ya sa in ka buga date -s a ciki yake ce maka Operation not permitted. Kar ka je ka ba ta izinin CAP_SYS_TIME wai don ta gyara, in ta canza lokaci na injin gaba ɗaya ta canza har da na sauran kwantenonin da ke zaune kusa da ita. Masu Proxmox, manhajar riƙe VM da kwantena, su lura da wannan sosai, CT, wato kwantena, dabam VM dabam duk da a jere suke a allo ɗaya. In CT ce ka fita ka je mataki na 4 kai tsaye, in kuma VPS ce ka haya mai openvz, sai dai ka rubuta wa masu ita su gyara.

Mataki na 2: wane irin rashi ne

Rashin iri uku ne kuma mutane na cakuɗa su. Na farko umarnin hwclock ɗin ne kansa babu, wato command not found. Wannan ya yawaita tun da Debian 12 ta fito a 2023, don sun ɗauke hwclock daga util-linux sun mai da shi cikin util-linux-extra, haka ma Ubuntu 24.04. Maganinsa apt install util-linux-extra, ba wani abu.

Na biyu umarnin yana nan amma na'urar babu. Duba da ls -l /dev/rtc* sannan timedatectl. In ka ga layin RTC time: n/a to babu ɗin ne. hwclock --verbose shi ma zai jero maka inda ya nema bai samu ba, a tsofaffin sigogi --debug ne. Wani lokaci mai masauki ya ba da RTC amma direban ne bai hau ba, sai ka gwada modprobe rtc_cmos in injin Intel ko AMD ne, ko modprobe rtc-pl031 in VM ce ta ARM a kan QEMU, ka sake duba /dev/rtc0. In ya fito madalla, ka rubuta sunan direban a wani fayil cikin /etc/modules-load.d/ don ya riƙa hawa da kansa.

Na uku shi ne babu kuma ba za a samu ba. Baƙin Xen, wato VM ɗin da ke kansa, irin na PV haka suke, manyan injinan IBM na s390x su ma tsarin lokacinsu dabam ne. A nan ka daina nema. Buga cat /sys/devices/system/clocksource/clocksource0/current_clocksource, za ka ga kvm-clock ko xen ko tsc ko wani mai hyperv a sunansa. Irin su kvm-clock da xen hanya ce da baƙo ke karɓar lokaci daga mai masauki kai tsaye lokacin tashi ba tare da RTC ba, ka ga kenan in agogon mai masauki daidai yake, baƙo zai tashi daidai.

Mataki na 3: gyaran gaggawa da hannu

Kafin ka saka wani abu dole lokaci ya matso kusa da gaskiya, don in agogo yana baya apt zai ƙi aiki, zai ce maka Release file is not valid yet, shafukan https kuma su ce takardar shaidarsu ba ta fara aiki ba. Fara da yankin lokaci: timedatectl set-timezone Africa/Douala in kana Kamaru, Africa/Ndjamena in kana Chadi. Duka biyun awa ɗaya suke gaba da UTC kuma ba ma canza agogo rani ko damina. Na sha ganin inji an bar shi a Europe/Paris saboda an zaɓi Faransanci wajen sakawa, da sanyi lokacin ya yi daidai da namu ba wanda ya lura, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma ya wuce mu da awa ɗaya, mutum ya yi ta zargin RTC a banza.

Sannan ka dubi wayarka ka buga date -s "2025-03-14 09:30:00" da kwanan wata da lokacin da kake ciki. In timedatectl set-time ka fi so, zai iya ƙi ya ce Automatic time synchronization is enabled, sai ka kashe da timedatectl set-ntp false ka saita ka mayar da true. Bayan nan kar ka damu da hwclock -w in RTC babu, lokacin ya riga ya zauna a karnel.

Abu ɗaya da nake roƙonka: in agogon gaba ya yi kuma baya za ka mai da shi, tsayar da PostgreSQL ko MariaDB ko duk manhajar da ke rubuta rasit da lissafi tukuna. Tura lokaci gaba da sauƙi, amma mai da shi baya ana cikin rubutu yana sa rasit na yanzu ya fito kafin na ɗazu, kuma mai farmasi ko mai shagon da ya dogara da kai shi zai sha wahalar warware wannan a ƙarshen wata.

Mataki na 4: mai masauki, nan ne asalin aikin

Je kan injin gaske, wanda Proxmox ko libvirt ko VirtualBox ke kai. Buga timedatectl da hwclock --show. A nan kam dole RTC ya kasance kuma dole ya yi daidai, domin shi ne duk VM ɗin za su gada in wuta ta dawo. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, kashe injin, zare wayar wuta gaba ɗaya, bar shi kamar minti goma, mayar ka shiga BIOS ka dubi kwanan wata. In ya koma wata tsohuwar shekara batir ya mutu. Yawancin injinan da muke samu na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, batirin ya riga ya gaji, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗakin da ba kilim. Buɗe murfin, za ka gan shi a kwance cikin ɗan raminsa yana ƙyalli, danna ɗan ƙarfen da ke gefe zai ɗago, sa sabo gefen da ke da alamar + yana sama. In kana da mita ka auna, sabo volt 3 yake bayarwa ko sama kaɗan. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta a kasuwa duk suna da shi.

Daga nan ka tabbatar chrony, manhajar da ke daidaita agogo ta NTP, na gudana a kansa, Proxmox tun siga ta 7 da shi yake zuwa. A Debian da Ubuntu fayil ɗin yana /etc/chrony/chrony.conf, a dangin Red Hat kuma /etc/chrony.conf. Ka sa pool africa.pool.ntp.org iburst ko ka bar wanda ya zo da shi, ka bar layin rtcsync a nan don karnel ya riƙa rubuta lokaci a RTC duk minti 11.

Ga dabarar da ta fi yi mana amfani a inda rezo ke zuwa yana tafiya: mai da mai masauki ya zama shi ne mai ba VM ɗin lokaci. Ƙara layi biyu, allow 192.168.122.0/24 da local stratum 10. Adireshin nan na libvirt ne na asali, in naka dabam ne ka sa naka. Layin farko ya ba VM izinin tambaya, na biyu ya ce ko intanet ta yanke ya ci gaba da amsawa da agogonsa. Sai systemctl restart chrony, ka buɗe UDP 123 in akwai katangar wuta. Ko koneksiyon ta yi kwana biyu ba ta dawo ba, duk injinan gidan bakinsu ɗaya, kuma wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, Kerberos na Active Directory ko Samba in bambanci ya wuce minti 5 ba ya barin kowa ya shiga, lambobin sirri masu canzawa kuwa duk daƙiƙa 30 suke juyawa.

Mataki na 5: chrony a cikin baƙo

apt install chrony, ko dnf install chrony. A Debian da ka saka shi zai cire systemd-timesyncd da kansa, haka ake so, kar abu biyu su riƙa jan agogo ɗaya. Cikin fayil ɗin ka sa server 192.168.122.1 iburst wato adireshin mai masauki. Sai ka nemo layin makestep, za ka tarar da makestep 1 3 ko 1.0 3, ma'anarsa in kuskure ya wuce daƙiƙa 1 ya yi tsalle ya gyara, amma a gyara uku na farko kawai bayan ya tashi, daga nan sai dai ya riƙa ja a hankali. A injin gaske wannan daidai ne. A VM kuwa da ake dakatarwa, ake ajiye ta a farfaɗo da ita gobe, ake dawo da ita daga snapshot, sai ta farka tana baya da awa goma chrony ya ce zai cike a hankali, abin da zai ɗau kwanaki. Mai da shi makestep 1 -1, wato ya yi tsalle duk lokacin da bukata ta taso. In VM ɗin ta ma'ajiyar bayanai ce mai nauyi ka ɗaga lambar farko zuwa 10 ko fiye don kar ya riƙa tsalle a kan ƙaramin abu. Layin rtcsync kuwa a inda babu RTC ba ya amfani ba ya cutarwa, ni dai cire shi nake don kar wanda zai zo bayana ya rikice.

Sake tada chrony ka buga chronyc sources -v. Layin da ya fara da ^* shi ne wanda aka zaɓa, in duk ^? kake gani ba a samu amsa ba tukuna. chronyc tracking zai nuna maka nisan da ya rage a layin System time, in kana sauri chronyc makestep ya gyara nan take.

In KVM ne akwai hanya da ta fi wannan ma, ba ta bi ta rezo ko kaɗan. Tun karnel 4.11 na 2017 akwai ptp_kvm. Buga modprobe ptp_kvm, duba ls /dev/ptp*, sannan cat /sys/class/ptp/ptp0/clock_name ya ce KVM virtual PTP. In haka ne ka sa refclock PHC /dev/ptp0 poll 2 a chrony.conf, ka rubuta ptp_kvm a /etc/modules-load.d/. Yanzu baƙo na karanta agogon mai masauki kai tsaye. In modprobe ya ƙi, yawanci mai masauki ne ba ya kan tsc, sai ka tsaya a kan server ɗin can na sama, ya wadatar. Hyper-V ma yana da irinsa, a sababbin sistem /dev/ptp_hyperv yake fitowa.

Mataki na 6: in an tashi ba rezo ba RTC

Wani sa'in inji zai tashi babu wanda zai tambaya. Abin da ake so a nan shi ne ko bai san ƙarfe nawa ba, kar dai ya koma baya fiye da inda ya tsaya. chronyd yana da -s, in babu RTC sai ya ɗauki lokacin da aka taɓa driftfile, fayil ɗin da chrony ke rubuta karkatar gudun agogo a ciki, na ƙarshe ya fara daga nan, a Debian ka ƙara shi cikin DAEMON_OPTS a /etc/default/chrony. Ko ka saka fake-hwclock, wanda masu Raspberry Pi suka sani sosai tun da allunan kafin Pi 5 ba su da RTC, yana ajiye lokaci a /etc/fake-hwclock.data duk awa da kuma wajen kashewa. Ɗaya ya isa.

Sannan manhajar da ba ta jure lokaci mara kyau ka sa ta jira. Kunna chrony-wait.service in sistem ɗinka na da shi, ka sa After=time-sync.target a fayil ɗin sabis ɗin. A skrip kuwa chronyc waitsync 30 0.5 zai jira har sau 30, daƙiƙa 10 tsakani, sai kuskure ya sauka ƙasa da rabin daƙiƙa.

Wasu hanyoyin intanet suna toshe UDP 123. In ka yi zargin haka, a kan mai masauki ka saka htpdate, ko ka ɗauko lokaci sau ɗaya daga kan shafi da date -s "$(curl -sI http://deb.debian.org | grep -i '^date:' | cut -d' ' -f2- | tr -d '\r')". Ka lura http na sa ba https ba, da gangan ne, don in agogo ya ɓace https ba zai buɗe ba. Daidaitonsa na daƙiƙa ne ba kamar NTP ba amma zai fitar da kai.

Mataki na 7: saita daga waje, da gyaran skrip

In qemu-guest-agent, ejan ɗin da ke karɓar umarnin mai masauki, na cikin VM, daga mai masauki kana iya buga virsh domtime sunanvm --now ya tura mata lokacinsa. Akwai kuma --sync, amma shi cewa yake a karanto daga RTC, to in RTC babu ba zai yi ba, --now za ka riƙe. Ka san kuma cewa ejan ɗin /sbin/hwclock yake kira a ƙarshe. In fayil ɗin babu sam, sababbin sigogi cewa za su yi umarnin ba ya samuwa, maganin shi ne util-linux-extra ɗin nan na mataki na 2. In kuma yana nan RTC ne babu, za ka ga hwclock failed to set hardware clock to system time, amma shiga ka buga date, don yana fara saita agogon karnel ne kafin ya kira hwclock, sau da yawa aikin ya riga ya yi.

Masu VirtualBox a kan leftof, Guest Additions ne ke daidaita lokaci, kuma ba ya tsalle sai kuskure ya kai minti 20. Rage shi da VBoxManage guestproperty set sunanvm "/VirtualBox/GuestAdd/VBoxService/--timesync-set-threshold" 10000, wato daƙiƙa 10, ka sake tada VM. In baƙon Linux ne ka sa VBoxManage modifyvm sunanvm --rtcuseutc on, in ba haka ba za ka riƙa ganin bambancin awa ɗaya cif, don Windows lokacin gari yake ajiyewa a RTC, Linux kuma UTC yake zato. A libvirt clock offset='utc' ne na Linux, localtime na Windows. A VMware ka saka open-vm-tools ka duba vmware-toolbox-cmd timesync status, ka zaɓi ko shi ko chrony.

Saura skrip ɗinka na sakawa ko na Ansible da ke mutuwa a tsakiya saboda set -e ya ga hwclock ya faɗi. Kar ka liƙa masa || true kawai, don ranar da RTC na injin gaske ya sami matsala shi ma shiru za ka ji. Tambaya za ka fara yi:

if hwclock --show >/dev/null 2>&1; then hwclock --systohc --utc; else echo "babu RTC, an tsallake"; fi

In kuma kana so ya yi ƙara a injin gaske ya yi shiru a VM, haɗa da systemd-detect-virt -q, yana dawo da nasara in a cikin VM ko kwantena ake, a injin gaske kuma ya faɗi.

Gwajin ƙarshe ka yi shi da rana kana zaune, kar ka jira kuran ya yi maka shi da dare. Kashe VM duka, kashe mai masauki, zare wuta da wayar intanet, jira minti goma, kunna ba tare da intanet ba. Buga date a mai masauki da kowace VM, su yi daidai da wayarka cikin daƙiƙa kaɗan. Sai ka dakatar da VM ɗaya da virsh suspend sunanvm, ba ta minti biyar, virsh resume sunanvm, ka bar chronyc tracking a buɗe ka ga System time ya dawo kusa da sifiri cikin minti biyu zuwa uku. In bai dawo ba koma kan layin makestep, galibi an gyara fayil ne an manta ba a sake tada chrony ba.